Na Yi Shahada

Kurfi,
Lahadi, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Mama Magdalina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gwiwar nan taki? Yaya Baban Sylvia da aiki? Ni lafiyata lau, sai ɗan mura da ruwan makon jiya ya bar mini. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare, amma tunda aka yanke mana layin waya, ba yadda na iya. Malam Ɗayyabu direba zai kawo miki, shi kullum yana kan hanyar Dutsin-Ma.

Mama, akwai matsala. Kin tuna Dalhatu, maƙwabcina makanike, wanda na kawo ranar Talata ya gyara miki injin markaɗe? Wanda kika shimfiɗa wa sabon buhu a bayan kicin ya yi sallar azahar, kika ce ba ki da tabarma mai tsabta. To tun ranar Alhamis yana tsare a zauren mai unguwa. Wani ya ce ya gan shi da yammacin Talatar nan yana bin hanyar gona wajen Birchi da jarka a hannu, wai fetur yake kai wa mutanen daji. Kafin a ce mene ne, magana ta zama wai ya daɗe yana yi, wai shi ne infoma, mai kai musu rahoto.

Ke kika ba shi jarkar nan, Mama. Man ja ne, wanda kika ce ya kai wa matarsa Rekiya saboda ya ƙi karɓar ladan aikinsa. A gabana ya sauka a Birchi, ya ce zai raba wa tsohuwarsa rabi. Ya faɗa musu haka, suka ce ai kowane infoma da nasa labarin. Jarkar tana can gidan tsohuwar, an juye man, an wanke ta, har an fara ɗebo ruwa da ita. Maganar uwa a kan ɗanta kuwa ba mai saurara.

Mai unguwa mutumin kirki ne, ajiye shi ya yi don kada matasa su taɓa shi. Amma ya ce ba zai riƙe shi har abada ba. In ba a samu wanda ya tsaya masa ba zai miƙa shi ga jami'an tsaro, kuma kin san yadda ake yi da wanda aka kira infoma a 'yan kwanakin nan. Ba ya dawowa.

Ni na san inda ya yini. Amma ni baƙo ne, kuma Kirista, shekara tara ina aikin malamin gona a garin nan ban taɓa sa baki a maganarsu ba. Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce wanda ya tsaya wa infoma, shi ma infoma ne. Wallahi na rasa mi zan yi. Ki ba ni shawara.

Ɗanki,
Cornelius

Dutsin-Ma,
Talata, 21 ga Satumba

Ɗana Cornelius,

Salama gare ka. Gwiwa tana nan tana yi mini rashin mutunci, sai dai godiya. Baban Sylvia yana gaishe ka. Murar nan ka sha citta da lemun tsami, kada ka tsaya wasa. Inji kuwa yana aiki kamar sabo, wannan ba zan ɓoye ba, mutumin ya iya aikinsa.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Ka rufe bakinka. Ka ji ni? Ruf! Garinsu ne, ɗansu ne, su suka san yadda za su yi da abinsu. Kai wa kake da shi a Kurfi? In suka juyo kanka, wa zai ɓoye ka a zaure? Ka yi masa addu'a a ɗakinka, Allah yana ji, ba sai ka je gaban jama'a ba.

Ranar da mamarka Rahila za ta cika a Kaltungo, ni ce a gefen gadonta. Uwata da kakarka ciki ɗaya suka fito, wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, amma hannuna ta kama ta ce, "Magdalina, ga Cornelius, kada ya ɓata." Shi ya sa da aka yi wa Baban Sylvia canjin aiki zuwa nan shekara uku da suka wuce, na ce Allah ne ya matso da ni kusa da kai. Ba zan koma gida da gawarka ba.

Na biyu, kada ka ƙara rubuta sunan mutumin nan ko maganar nan a takarda. Ana buɗe kaya a kowane shinge. In wasiƙarka ta faɗa hannun wani, ga sunana ga maganar jarka, mun shiga uku. Waccan na jefa ta a murhu. In akwai abin faɗa, ka faɗe shi a dunƙule, zan gane.

Na uku, tun yaushe ka fara "wallahi" da "mi zan yi"? Ranar nan ka zo mini da jamfa da hula, sai da na dube ka sau biyu a bakin ƙofa. Wata biyu ban gan ka a sujada ba. Na san hanya ba kyau, amma ai ka samu hanyar kawo makanike. An kuma gaya mini lokacin azuminsu gida gida kake bi kana shan ruwa da su. Ni dai ban ce komai ba, ido kawai na sa.

Mamarka,
Magdalina

Kurfi,
Juma'a, 24 ga Satumba

Mama,

Gaisuwa a gurguje, Malam Ɗayyabu ya riga ya ta da mota. Mura ta tafi, citta ta yi aiki.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ki gafarce ni, ban iya bin maganarki ba. Kwana da kwanaki zuciyata tana ja na, yau dai na yi shahada. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, a gaban liman da mai unguwa da dattawa, na miƙe na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun tuni. Na faɗa, har liman ya sa na maimaita don na baya su ji. Da na gama ya kama hannuna ya ce daga yau ni ɗan gida ne. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na yau ba.

Na yi a dunƙule yadda kika ce, na san za ki gane. Akwai abu ɗaya da zan nema a wurinki, sai na samu natsuwa.

Cornelius

Dutsin-Ma,
Litinin, 27 ga Satumba

Cornelius,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba, don ban san wadda kake amsawa yanzu ba. Lafiya kuwa ba ni da ita, tun jiya ko ruwan kunu bai shiga cikina ba.

Wayyo ni Magdalina! Bayan sujada takardarka ta same ni. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na ce ko idona ne, na kai wa Mama Pasto. Ta karanta, ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ke nan, ya tafi."

A gaban liman, Cornelius? Har da maimaitawa don na baya su ji? Kuma ba kunya kake gaya mini ka ji sanyi a ranka? Me muka yi maka? Na ga alama tun daga hular nan, na ce in yi shiru kada in zama tsohuwa mai mita, ashe shirun nawa ne ya cuce ni. In tsoro ne ya sa ka, don su bar ka ka zauna lafiya a garinsu, faɗa mini, ba kai ne na farko da tsoro ya kayar ba. Ko mace ce? In mace ce ma faɗa mini sunanta.

Ka koma wurinsu ka janye maganar nan. Ka ce ba da gaske kake ba, ka ce ruɗewa ka yi, ka ce zazzaɓi ne ya hau maka kai, ka ce ko ma mene ne. Bakin da ya faɗa shi zai warware. In kana tsoron janyewa a can, tattaro kayanka ka zo nan, ɗakin Sylvia babu kowa tunda tana makaranta.

Ba roƙonka nake ba, umarni nake ba ka a matsayin uwa. Abin da Rahila ta bar maka ba naka ba ne kai kaɗai, balle ka je ka yar da shi a ƙofar masallaci.

Magdalina

Kurfi,
Alhamis, 30 ga Satumba

Mama,

Ina gaishe ki, kuma gaisuwar da kika saba yi mini ita nake amsawa, ban san wata ba. Don Allah ki ci abinci. Ni lafiyata ƙalau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Na san za ki yi fushi, amma ban zaci zai kai haka ba. Wani wurin na gane wasiƙarki, wani wurin ban gane ba sam. Wace mace kuma? Me ya kai Mama Pasto cikin maganar, ke da kika ce a ɓoye? Kuma ina na tafi? Ina nan Kurfi, jiya ma ina gonar wani muna duba tsutsa a wake.

Kin ce ko tsoro ne ya sa ni. Mama, tsoro hana ni ya yi ta yi, ba shi ya sa ni ba. Kuma ba zaman lafiya na samu ba. Tun ranar, mai shayin bakin tasha ya daina amsa gaisuwata. Sau biyu ana zuba mini shara a ƙofar ɗaki. Shekaranjiya wasu mutum uku suka tare ni a hanyar ofis, suka ce in koma in janye, in ce ruɗewa na yi. Na dawo gida ke nan na tarar da wasiƙarki, na buɗe, sai ga maganarsu sak da rubutun hannunki. Sai da na nemi wuri na zauna. Su na san dalilinsu. Naki ne ya ɗaure mini kai.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi niyyar janyewa. Magana ɗaya ce tak, shara ta ƙare, ke ma ki huce. Har na sa takalmi na kai bakin titi. Amma abin da na faɗa gaskiya ne, ba ni da shakka ko kaɗan a kansa. In na janye, da wane ido zan dubi mutumin nan da kika hana ni rubuta sunansa?

Kin kawo maganar mamata. Ba ta koya mini in faɗi gaskiya ranar Juma'a in ƙaryata ta ranar Litinin ba. Ni a ganina da tana raye, da ta yi murna. Ki yi haƙuri, ba zan janye ba.

Ɗanki har yanzu,
Cornelius

Dutsin-Ma,
Asabar, 2 ga Oktoba

Zuwa ga Cornelius, ko ma wane suna suka sa maka,

Na ci abinci, tunda ka ce in ci. Gwiwa ta kumbura. Ina fata kana lafiya.

Da Rahila ta yi murna? Rahilar da ta yi shekara ashirin tana ja mana waƙa a Zumuntar Mata? Kai, Cornelius, ka bar matattu su huta. Ashe kuma makaniken nan ne ya ja ka. Ni da na shimfiɗa masa sabon buhu, na zuba masa shinkafa da wake har ya ƙara!

Amma akwai abin da ya kulle mini kai. Su da kansu suke zuba maka shara suna cewa ka janye, kai kuma ka nace sai ka zauna? Na tambayi Azumi, wata musulma mai kawo mini markaɗen wake, ban dai faɗa mata ko wane ne ba. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an kori wanda ya shigo ba, sai dai a ɗinka masa sababbin kaya. To kai naka wane iri ne? Na juya maganar nan ta kowane gefe, ta ƙi zama.

Jiya na hau mota har Kankiya, inda layi yake kamawa, na kira kawunka a Kaltungo na gaya masa. Ya ce zai sanar a majami'a a sa ka cikin addu'a, shi kuma zai shiga azumi.

Tunda ka karɓi kalmar shahada ka musulunta, kuma ka ce ba ka janyewa, na bar faɗa da kai, ba ni da ƙarfinsa. Ƙofata a buɗe take, in ka zo ba zan dafa abin da ba za ka ci ba. Abu biyu kawai nake nema. Ka gaya mini sunan da suka sa maka, kada in ji shi a bakin direba. Sannan ka aiko mini littafin waƙoƙin Rahila, mai baƙin bangon nan da ta rubuta ranar baftismarka a ciki. Ba abin da zai yi maka yanzu.

Magdalina

Kurfi,
Laraba, 6 ga Oktoba

Haba Mama!

Motar Malam Ɗayyabu ta lalace kwana uku, sai yau wasiƙarki ta iso. Ina lafiya, sannu da gwiwa. Na karanta na yi dariya har na ƙware, daga baya na ga ashe hawaye nake.

Sunana Cornelius. Ba wanda ya sa mini wani. Ban musulunta ba, ba wanda ma ya ce in musulunta. Mama, a nan in mutum ya cije ya yi abin da yake tsoro, cewa ake ya yi shahada. Mace ta yi shahada ta tsallake rafi da damina, tsoho ya yi shahada ya bari aka cire masa haƙori. Ki tambayi Azumin taki. Shahada na yi na ba da shaida, abin da na rubuta miki ke nan. Ke kika ce in yi a dunƙule za ki gane!

Yau zan rubuta a fili, a buɗe wasiƙar a shinge in an ga dama. Dalhatu na tsaya wa. Na ce tare muka yini a Dutsin-Ma, na ce man ja ne a jarkar. Da na miƙe, wani daga baya ya ce a bar arne ya zauna, maganarsa ba ta shiga nan. Liman ya tsawata masa, ya tambaye ni da me zan rantse. Na ce ni Kirista ne, Yesu nake bi, kuma yana jin abin da nake faɗa yanzu, ba zan yi ƙarya a gabansa ba. Liman ya ce ya isa, in ɗaga murya in maimaita. Shekara tara a garin nan ban taɓa faɗin sunan Yesu da ƙarfi a waje ba sai ranar. Ranar da kika yi mini kukan na bar shi ke nan.

To ga abin da na ce zan nema a wurinki. Maganata ta sa ba a miƙa Dalhatu ba, amma ba ta sa an sake shi ba. Masu zargin sun ce ni abokinsa ne, kuma shaida ɗaya ba ta isa ba. Suka ce ina matar da ta ba da jarkar? In da gaske akwai ta, ta zo ta faɗa da bakinta. Mai unguwa ya sa Juma'a, sha biyar ga wata. In ba ki zo ba, ya ce hannunsa ya gaji, zai miƙa shi. Kwana ashirin ke nan Dalhatu yana zauren nan. Duk safiya Rekiya sai ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko matar mai man ja za ta zo.

Maganar kawu kuwa, ke kika ƙulla, ke za ki koma Kankiya ki kwance.

Ɗanki,
Cornelius, Kirista

Dutsin-Ma,
Asabar, 9 ga Oktoba

Ɗana Cornelius, Cornelius, Cornelius,

Bari in rubuta shi sau uku ko na huce. Na gode wa Allah! Da gwiwar nan na taka rawa a tsakar gida, har Baban Sylvia ya fito ya ce ko na zautu. Na tambayi Azumi, ta yi mini dariya har ta kusa kifar da bokitinta, ta ce ita ma shahada take yi kullum ta tsallako titi. Amma kai ma da naka laifin. Duk kalmomin da ke cikin Hausa ka rasa wadda za ka ɗauka sai wannan, kuma ka haɗa ta da liman da Juma'a? Ka kusa kashe ni. Gobe zan tashi a Zumuntar Mata in ba da shaida cewa Allah ya dawo mini da ɗana. Kankiya kuma zan je in gwiwa ta sassauta.

Maganar zuwa Kurfi. Ɗana, ka duba mini. Ni mace ce, baƙuwa, Kirista, ko mayafin kirki ba ni da shi. In tsaya gaban maza a ƙofar masallaci in ce ni na ba da jarka? Gobe sai a ce matar nan ta Dutsin-Ma ita ce mai sayar wa mutanen daji fetur. Rabin masu kawo mini markaɗe musulmi ne. Baban Sylvia ya ce ba da yawunsa ba. Mama Pasto ta ce Allah bai ce mu jefa kanmu cikin wuta ba. Ga hanya yadda take, ga gwiwa.

Na rasa yadda zan yi, gaskiya. Ina tausayin mutumin, na kuwa sa shi a addu'a. Ga wata 'yar takarda na saka a ciki, na rubuta cewa man ja ne. Ban sa suna ba. Ka karanta musu ka ce wata mata ce. Ai kai ka riga ka yi abin da ya kamata, Allah zai cika sauran.

Mamarka,
Magdalina

Kurfi,
Litinin, 11 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki, na ji daɗi da kika yi rawa. Ni ma lafiya.

Na kai wa mai unguwa takardar. Ya juya ta gaba da baya yana neman suna, ya miƙo mini abata. Na ji kunya.

Ba zan tilasta miki ba, ba ni da wannan matsayin, kuma duk abin da kika lissafa gaskiya ne, na ɗanɗana shi. Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Da kika zaci na bar Yesu, da gwiwar nan kika hau mota har Kankiya don ki ba da labarin da ba haka yake ba. Kurfi ba ta fi Kankiya nisa ba, kuma wannan labarin kin san gaskiya ne.

Ga littafin waƙoƙin mamata, tunda kin nema. Rekiya ta tambaye ni yau ma. Na ce mata ban sani ba.

Cornelius

Dutsin-Ma,
Lahadi, 17 ga Oktoba

Ɗana Cornelius,

Salama. Na iso gida lafiya shekaranjiya, gwiwa ta rama abin da na yi mata, tana nan kamar tulu. Baban Sylvia ya yini bai yi mini magana ba, jiya ya sauko. Ban samu na yi maka magana a can ba, kana cikin maza, Malam Ɗayyabu kuma yana ta danna ham. To ga ta a takarda.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta ba ni haushi ƙwarai, na ce yaron nan ya raina ni. Na tura littafin Rahila ƙarƙashin filo na ce ba zan buɗe ba. Ranar Alhamis Azumi ta kawo markaɗe, na ta da inji, ya ɗauka tashi ɗaya. Ina tsaye ina zuba wake, sai na ga inda Dalhatu ya ɗaure waya da hannunsa. Injina yana yi mini aiki, wanda ya gyara shi yana zaure yana jiran a miƙa shi saboda kyautar da na ba shi. Na kashe injin, wake bai gama ba. Azumi ta ce lafiya? Na ce ta ara mini mayafi.

Kai ka ga na miƙe a gabansu, ba ka ga ƙafafuna ba. Rawa suke har zanina yana motsi. Da liman ya ce, "Baiwar Allah, mene ne sunanki?" da ƙyar na tuna shi. Allah ya taimake ni na zo da 'yar'uwar jarkar. Da ba don jan fentin da nake ɗiga wa kayana a gindi ba saboda masu aro, ban san me zan nuna musu ba. Lokacin da aka kawo waccan daga Birchi aka kifa su biyu, tabo iri ɗaya, sai wani tsoho ya ce, "Kai, mun kusa ɗaukar alhaki." Mai jar rigar nan da ya tofar da yawu ya tafi, na gan shi sarai. Ka riƙa kula da kanka, ba kowa ne ya ji daɗi ba.

Abin da ba ka gani ba shi ne cikin gida. Da aka fito da Dalhatu, mata suka ja ni ciki. Rekiya ta kama bakin zanina ta riƙe, ba ta ce na gode ba, ta dai ƙi saki har aka ce mota za ta tashi.

Yau a Zumuntar Mata aka ce wa ke da shaida. Ka san ni, ba a rufe baki ba na miƙe. Na ce, "'Yan'uwa, ranar Juma'a na yi shahada a Kurfi, a gaban liman." Mama Pasto ta saki jakarta. Na bar su haka na ɗan lokaci, su ma su ɗanɗana, sannan na ba su labari. Shekara talatin ina ba da shaida a gaban mata suna tafa mini, ban san tana sa ƙafa rawa ba sai a Kurfi.

Yanzu ga abin da ya fi mini wuya. Na yi kwanaki ina kuka ina roƙon Allah ya raba ka da mai jarabtarka. Ina ta neman sa a masallaci, ina neman sa a jikin makanike, har mace na ƙirƙira maka. Wa ya ce ka rufe baki? Ni. Wa ya ce ka janye ka ce ruɗewa ka yi? Ni, kuma da sunan uwarka na yi. Har ka sa takalmi ka kai bakin titi saboda maganata. Da ka bi ni, da yanzu mutumin nan ba ya duniya. Ka yafe mini, Cornelius.

Gobe zan je Kankiya in kira kawunka, yana can Kaltungo yana ta azumi a kanka, ya kusa ƙarewa. Hularka kuma ka sa abarka, ta yi maka kyau, ban dai faɗa ba ne.

Ga littafin Rahila na mayar maka, a hannunka ya kamata ya zauna. Ta ce mini kada ka ɓata. Ashe ni ce na kusa ɓata, kai ka nemo ni.

Mamarka,
Magdalina